Harshen Kaldawsa

Ruwa ya ɗauke. Mayo Kaliyawo
ya fara nuna haƙarƙarinsa na yashi.
Jigari ya shigo Marwa a bayan a-kori-kura,
ja wur, da sauran ƙaiƙayi a bakin buhu.
Ni ke aunawa. Sana'ata ke nan,
ni Tanimu, mai kwano da tabarma a layin hatsi.

Ban taɓa kai ƙwaryar nan bakina ba, Allah shaida.
Amma duk kaka sai Kaldawsa ya zo,
tsohon birkila, mutumin duwatsun Mokolo,
ya jingine kekensa a jikin buhunana,
ya ce, tashi ka raka ni gaisuwar tuluna.
Shi da ƙishinsa, ni da gorona,
shekara goma sha ɗaya muna wannan yawo.

A Domayo muka fara, gidan da ba ƙyaure,
hayaƙi ya yi wa katanga baƙar riga.
Aka miƙo ɗanɗano, wanda ba a biya.
Ya hure kumfa kamar mai lallashin jariri,
ya kurɓa, ya riƙe a kunci, ya lumshe ido.
Ya ce, an yi gaggawa,
tsiron bai kwana uku ba aka shanya shi.
Matar ta yi tsaki. Ba ta musa ba.

A Pitoware ya ce wuta ta yi yawa,
gindin tukunya ya shigo cikin zance.
A Palar ya yi shiru, ya sake kurɓa,
ya ce wannan dawar a gangare ta tashi,
ta sha iska fiye da ruwa.
Ya ajiye dala ashirin, bai jira canji ba.

Ni dai ina gefe bisa kututture,
ina kore ƙuda, ina kallon maƙogwaronsa
yana hawa yana sauka
kamar guga a rijiyar da ba tawa ba.

La'asar sakaliya muka isa wurin Maipa,
Batufuriya mai dogon wuya,
wadda bilbil ɗinta ke ƙarewa kafin rana.
Randa shida a jere, kowace na numfashi,
ƙamshin na zaune a tsakar gida kamar baƙo,
tsami-tsami, da ɗan zaƙi a ƙarshensa.
Buhu uku ta saya a hannuna makon jiya.
Na ce mata sabuwa ce, ko ɗaurin bai huce ba.

Kaldawsa ya karɓa hannu biyu.
Ya zuba wa ƙasa nata tukuna.
Ya kurɓa.
Ya daɗe.
Har kaza ta zo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa.

Ya ce, hannunki na nan, Maipa, bai tsufa ba.
Amma akwai bara a cikin bana.
Kashi ɗaya cikin huɗu, wadda ta kwana a rumbu,
har ina jin inda ƙwaro ya bi.

Ba wanda ya kira sunana.
Ludayin da ke hannunta ne kawai ya tsaya,
yana ɗiga,
yana ɗiga,
goron bakina ya koma ɓawon itace.

A hanyar gida yana tura keke, yana waƙa da yarensu,
ni ina lissafin kwano goma sha biyu
da zan aika da yaro gobe da sassafe,
ba tare da saƙo ba.

Wajen gada ya tsaya, ya dafa kafaɗata.
Ya ce, masakwa za ta nuna bayan wata huɗu,
farar nan, mai sanyi a harshe.
Za ka raka ni?

Na ce, in da rai.
Na tofar da goron a yashi.