Gwiwar Hannun Kulu

A Aliero aka yanke cibiyata,
garin da ake kawo karaya daga nesa,
a ɗaure da kara, a tofa, a koma gida.
Amma ranar da Kulu ta faɗo daga amalanken albasa,
tsohon mai ɗori ya taɓa yatsunta, ya ji sanyi,
ya ce, "Wannan ba tawa ba ce.
Ku kama hanyar Birnin Kebbi."

Likita ya ɗaga hoto ga fitila:
ƙashi ya yi ƙaura daga mazauninsa.
Na dangwala yatsa a takarda.
Aka shige da ita tiyata,
aka bar ni da takalminta guda.

Ƙarafa biyu, sirara kamar basilla.
Mako huɗu filasta na ƙaiƙayi,
tana sosawa da tsinken tsintsiya
in na juya baya.

Da aka zare, hannu ya ƙi miƙewa.
Uwarta ta yi kuka bayan rumbu.
Likita ya ce kar a ja, kar a murza,
a bar ta da wasa.

Jiya na tarar tana carafke.
Dutse ya tashi, ta cafe,
ba ta ma san da wane hannu ba.