Faifai Goma Sha Bakwai

Ranar da Uwar Zumunta ta ce,
"Bana kowa ta kawo wa 'yan'uwa aikin hannunta,"
na dubi nawa hannun a cinya:
kaushi, tabon lauje, farce guda da ya mutu.
Na ce musu, to, ku za ku je min kasuwa.

Ba ni da kuɗin kwanon samira.
Tsutsa ta riga mu shiga gonar wake.
Amma kaba na bakin rafi ba mai gadinta,
basillar kakata na soke a jikin danga,
sati shida kuma ya rage Kirsimati.

Tasalla matar Malam Buhari ta ba ni galura
ta kan katanga, ja da shuɗi.
Ta ce, "In kin gama ki ɗinka min nawa,
ƙuda bai san coci ba, bai san masallaci ba,
fura kawai ya sani."

Da dare, in yara sun yi shiru,
sai in kunna fitila in kira suna.
Ba na fara cibiyar faifai
sai na ga fuskar mai shi.

Briskila mai 'ya'ya tara,
naki mai faɗi ne, ya rufe ƙwaryar gidan yawa.
Baba Dokas, ido ya tafi,
na yi miki tudu-tudu a baki
don yatsa ya ga adon.
Lidiya amarya, ja zalla,
ki rufe tuwon da kike ƙonawa har ki iya.
Na Tabita ɗan ƙarami,
ita kaɗai take ci tun da Ayuba ya tafi Legas.

Sai Afiniki.
Akuyarta ce ta cinye min yakuwa da damina,
tun lokacin gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya."
A majami'a muna rera waƙa ɗaya,
kowa na kallon nata bangon.
Na ja kabarta da haushi,
na matse, na soka, na sake matsewa.
Gari ya waye na duba:
duk cikinsu babu mai kyansa.
Na yi tsaki. Na yi dariya. Na ajiye mata.

Daren jajibiri na jera su a tabarma.
Mu goma sha bakwai ne har da ni,
goma sha shida ke nan zan kai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
na kira Yohanna ya ƙirga da idon namiji.
Ɗaya ya yi yawa.
Shuɗi da fari, mai zanen ƙafar kaza.

Na Keziya.

Mun binne ta ana yankan gero.
Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata kallabi,
amma ba wanda ya gaya wa hannuna.

Da safe muka sha anko, muka cika benci.
Sabulun salo, daddawa, ludayi, man kaɗanya,
majami'a ta koma ƙamshin kasuwar Sumaila.
Afiniki ta juya nata faifan gaba da baya,
ta miƙo min ƙullin tsumma, mudun wake.
"Na sayar da akuyar," in ji ta,
tana kallon bango.

Na ƙarshen na ɗora a bakin tulun kiɗa,
wanda Keziya ke bugawa,
wanda tun kaka ba a taɓa ba.
Sifora 'yarta ta taso daga bencin yara,
ta ɗauki faifan ta rungume,
ta zauna, ta ja tulun tsakanin gwiwoyinta.

Bugun farko bai fita ba.
Muka jira.

Na Tasalla kuwa har yau ina kan cibiya.