Daren Alhamis a Shagon Bogumił

Daren Alhamis, in an rufe shagon agogo,
mukan ture ƙananan kusoshi gefe
mu baza hotuna tsakanin kofunan shayi.
Mu huɗu ne. Da can mu bakwai.

Na kawo turbar lambun Planty,
wadda ta zagaye tsohon birnin Kraków.
Baƙi da fari. Jiya na wanke su a banɗaki,
na toshe taga da bargo,
har yanzu yatsuna na warin magani.

Halszka ta ɗora tabarau kan tabarau.
"Samanka ya ƙone," in ji ta,
"bishiyoyin kuwa gawayi ne zalla.
Ina tokar da ke tsakani?
Ai a cikin toka hoto yake kwana."

Bogumił ba ya ɓata baki.
Da kwali biyu yake sharhi:
ya rufe hagu, ya rufe ƙasa,
ya cinye mini fitilar titi da rabin benci,
sannan ya ɗaga gira, wai ka gani?
Na gani. Ban yarda ba.

Sai yaron nan Ziemowit, ɗan shekara sha tara,
ya jera sha biyu a layi, ya daɗe yana dubawa.
"Baba, duk daga wuri guda ka ɗauka.
Kuma a zaune."

Agogo arba'in a bango,
kowanne da lokacin da yake faɗa.

Gwiwa ce.
Tun bara iyakata benci na uku.
Abin da ke bayan kwanar can
sai dai in tuna.

Halszka ta girgiza ambulan,
wanda na ɓoye ya faɗo.
Ranar da santsin ƙanƙara ya kwashe ni
yatsa ya danna ba da izinina ba:
turba ta karkace, ta miƙe kamar tsani,
tantabara ta zama shafar alli,
ga bakin takalmina a kusurwa.

"Wannan," ta ce. "A nan turbar take tafiya."
Na ce ai faɗuwa na yi.
"To, ka ƙara faɗuwa."

Bogumił ya kawo kwalinsa,
ya juya, ya juya,
ya mai da shi aljihu.

Saura ɗauka huɗu a fim ɗin da ke kyamara.
Gobe da sassafe, in gwiwa ta ba da rance,
benci na huɗu.