Wa Ya Dafa Musu?

Mun fito daga silima a Valparaíso ana yayyafi,
kakana Eleodoro na dogara lema kamar sanda.
Shekara talatin ya yi yana juya tukunya a jirgin sojan ruwa.
Matakala ɗari da sittin ce tsakaninmu da gida,
kafin ya taka ta farko ya ce, "Maite,
ni fa ban gane ba.

Dakaru dubu takwas a cikin jirgi ɗaya,
wata goma sha ɗaya suna keta duhun samaniya.
Na ga bindigogi, na ga allunan da ke walƙiya,
na baza ido ko zan hangi ɓawon albasa.
Wa ya dafa musu?
Ko yunwa ce ba ta samu izinin shiga ba?"

Na ce, "Kaka, fim ne fa." Ya ja tsaki.

"To Janar ɗin nan mai tabo a kunci,
yana da makamin da ke soya duniya daga nesa
kamar yadda nake soya kifi.
Me ya sa ya sauke 'ya'yan mutane a ƙasa
su tari halittu masu ƙafa shida cikin kwazazzabo?
Mai rijiya a tsakar gida ya ɗauki tulu zuwa rafi?
Ko marubucin ne bai ƙoshi da gawa ba?"

A matakala ta sittin ya tsaya yana haki.
Can ƙasa fitilun tashar jirage na rawa a kan ruwa.
Wani kare ya biyo mu, ya fasa.

"Ita kuma matuƙiyar da ta sayar da su,
don me? Kuɗi? A ina za ta kashe,
bayan kasuwar ta ƙone tun farkon fim?
Wai ƙaninta ne a hannun abokan gaba.
Ƙanin da aka tuna da shi saura minti goma a tashi!
Cin amana ciki ne, yarinya, sai ya yi watanni ake haifarsa.
Wannan kuwa ban ga laulayinsa ba."

Na ce, "To babu abin da suka yi daidai?"

Shiru, har matakala ta ɗari da goma.

"Yaron nan mai kunnuwa fala-fala,
da ya koma cikin wuta don ɗauko cokalinsa.
Na bayanmu sun yi dariya, wai shirme ne.
Na san wani Nibaldo, ɗan Chiloé.
Guguwa ta taso, ana ihun kowa ya shige ciki,
ya koma sama kwaso safar da ya shanya,
wadda uwarsa ta saƙa masa.
Igiyar ruwa ɗaya.
Shekara arba'in ina neman dalili."
Ya karkaɗe lema, ya juya wa teku baya.
"Nan kaɗai ne ba su yi ƙarya ba."

Da muka shiga gida ya ce in ɗora ruwa.
Ya ɗauko albasa biyu, ya wasa wuƙa,
yana yankawa idonsa na zuba.
Ban tambaye shi ba.