Kaset ɗin Kubura

Saura kwana tara a ɗaura auren Zuwaira,
gidanmu na Yelwa ya koma kotu.
Ba kan sadaki ba, an gama wannan.
Kan kiɗa.

Gwaggo Atine ta ce kalangu ko a fasa,
ta san wani makaɗi a Pitowa
mai kiran kakanninka har na bakwai
in ka liƙa masa jaka biyu.
Dangin Hamajoda sun aiko: algaita,
ita aka busa wa uwar ango, da uwar uwarsa.
Ƙanena Sanda ya shafa gemu:
a ci, a yi addu'a, a watse.
Ɗanliti ya zo da lasifika a bayan babur
da wani ɗan ƙarfe kamar farce,
wai waƙa dubu uku ke ciki.
Na ce, yaro, auren fa ɗaya ne.

Ni ba a tambaye ni ba.
Shekara talatin ina gyaran rediyo a bakin kasuwa,
amma uban amarya aljihu ne, ba kunne ba.

Da dare zafin Garwa ya hana barci.
Zuwaira ta same ni kan tabarma:
Baba, ranar bikinku da Inna me aka kaɗa?
Ba komai, na ce. Ruwa ya kori makaɗan.
Sai na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Rubutun jikin kaset ɗin ya koɗe,
na sa biro na naɗe zaren da ya zazzago.

Wata rana ce ina gwada rakodar wani direban auduga
da bai dawo ya karɓa ba,
yatsana ya danna ja ban sani ba.
Kubura na dakan gero, da goyo,
tana rera abin da ba shi da suna.
Ga taɓarya, ga zakaran maƙwabta,
ga ɗan tari, sai dariya:
Malam, kashe abin nan, kana ba ni kunya.

Goyon nan ke ce, na ce mata. Wata huɗu.
Minti biyu ne da 'yan kai.
Sau biyar ta sa na mayar.

Ranar biki kowa ya samu rabonsa.
Kalangu da hantsi, algaita da la'asar,
Sanda ya ja addu'a har miya ta huce,
Ɗanliti ya girgiza unguwa
har aka ɗauke wuta a tsakiyar rawa.

Cikin duhun aka kawo ta, a lulluɓe,
in yi mata nasiha.
Na shirya magana tun makon jiya,
ta maƙale a wuya kamar ƙayar kifin Lagdo.
Batir huɗu na saya da safe.
Na danna.

Taɓarya ta sauka. Ta sake sauka.
Wata a bakin ƙofa ta fara tafi a kan dakan,
wata ta karɓa, har tsakar gida.
Atine ba ta tafa ba,
ta riƙe baki, ta zauna a kan turmi.

Kubura ta ce in kashe abin nan.
Ban kashe ba.
Wancan karon ma ban kashe ba.