Jadawalin Rumasa'u

Da ƙullun dawa ta manna shi a ƙofar langa-langa,
takarda mai gida-gida, Lahadi zuwa Alhamis.
Ni ban iya karanta ta ba.
Agashe nake gasawa a bakin tashar Gadarif,
shekara ashirin da uku hayaƙi na cin idona.

Daren Talata ta yar da jaka, ta ce,
"Baba, duk wannan na mene ne?
Ina ruwana da kogin da ban taɓa sha ba,
da sarakunan da ƙasa ta riga ta cinye?"
Na juya tsinke a kan garwashi,
na bar tambayar ta nuna tare da naman.

Na ce, zauna.
Shekarar da na noma riɗi, buhu bakwai na kai kasuwa.
Dillali yana rubutu, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.
Kuɗin biyar na kawo gida.
Biyun nan suna cikin littafin lissafinki,
je ki karɓo mini su.

Yayanki Mudassir ya yi iyo a tafki da damina,
fitsarinsa ya koma ja.
Muka ce girma ne ya zo, har da guɗa.
Sai Ustaza Ni'imat ta kimiyya ta tako har zaure
ta ce tsutsa ce, a jikin katantanwa take kwana.
Ƙwaya huɗu ya haɗiya.
Kin gan shi yau, buhu yake ɗauka da hannu guda.

Ɗauko taswirar nan, ba ni yatsanki.
A nan kakana ya ɗaure wa jaki kaya, Gumel,
da niyyar Makka a bakinsa.
Ga tafkin Chadi. Ga Abeshe. Ga Jinaina, inda jakin ya mutu.
A nan guzuri ya ƙare,
ya ce bari ya yi noman damina ɗaya.
Daminar ce ba ta wuce ba har yanzu.
Taki biyu ne a takardarki,
shi shekara uku ya yi yana auna ta da faso.

Tarihi kuwa, wata rana a layin wani ofis
wani zai dube ki sama da ƙasa
ya ce, ke daga ina?
Ranar za ki so sanin wanda ya sare dajin nan,
wanda ya tsinci audugar Jazira har yatsu suka tsage,
don ki ba da amsa ba tare da kin sunkuya ba.
Larabcin ma riƙe shi da kyau, har wasalinsa.
Na gaji da dangwala babban yatsa
a ƙasan maganar da ban san me ta ce ba.

Ta ce, "To zane fa?"
Nan na rasa ta cewa.
Akwai dai wata takarda a ƙarƙashin faranti na,
maiƙo ya ɓata gefenta:
mahaifiyarki tana zuba shayi, kai a karkace,
yadda take yi kafin ta bar mu.
Ke kika zana, kina aji uku.
Ban san amfaninsa ba.
Na dai san ko da buhu bakwai ba zan sayar ba.

Garwashi ya yi fari. Motar Kasala ta tashi.
Ta ce, "Wannan harshen da muke yi,
shi ba shi da gida a jadawalin?"
Na ce, shi ba a kaɗa masa ƙararrawa,
a bakin murhu ake ɗaukarsa, kamar gwajin yaji.

Da asuba zan fita sayen nama,
na ga an ƙara gida ɗaya a ƙasan takardar,
layin ya ɗan karkace, tawadar ba ta bushe ba.
Na tashi Mudassir ya karanta mini.
Ya murza ido, ya ce,
"Juma'a: Baba."