Gada a Cikin Kofur

Inuwar bedi ta gaji da mu, ta koma gabas.
Bayan Katako, inda ƙarfe ke mutuwa sau biyu kafin a saye shi,
Nomau ya tsai da taksinsa mai jan kai,
ya sauke ampili ɗaya, baful biyu,
ya ce da ƙarfi, kamar muna hayin kogi:
Ku ɗaura mini gada. Duka biyun.

Maigidana Arzika bai amsa ba.
Zobensa ya fara cirewa.
A ƙarƙashin zoben akwai wani zoben,
fari, na tabo,
wanda batir ya sa masa shekara goma sha ɗaya da suka wuce,
ranar da kule ya taɓa kai biyu a lokaci guda.

Cire baƙar waya daga batir, in ji shi.
Mota ta yi shiru tukuna.
Ba a yi wa mai gudu aski.

Na cire.
Na ja jar waya, kauri kamar ɗan yatsana,
ta ramin da ke da roba a baki,
don ƙarfe mai haƙuri ne,
yana cin waya kaɗan-kaɗan daga nan har Dosso.
Fis kusa da batir, taƙi ɗaya.
Mai gadi a ƙofa yake kwana,
in ya kwana a ƙurya sai ya ji labarin gobara da safe.

Mas gajere. Na kankare fenti
har jikin motar ya nuna haƙoransa,
na ɗaure, na ƙara ɗaurewa.

Sannan Arzika ya juya akwatin, ya bi zanen da farce.
Ba kowane ampili ke yarda da gada ba,
wannan ya yarda.
Jar hagu, baƙar dama.
Biyun tsakiya a bar su zaune.
Ɗaya na turawa, ɗaya na ja,
irin masu zarto biyu a kan gungume ɗaya.
Kada ƙafar baful ta taɓa jikin mota,
a kan gada babu ƙafar da ke ƙasa.

Baful ɗaya, ya ce wa Nomau. Om huɗu.
Biyun in sun haɗa kai sun zama biyu,
kowane gefe kuma ɗaya zai gani.
Om in ya ragu, kaya ne ya ƙaru.
Za ya yi maka kwana uku yana rawa,
na huɗu ka ji ƙauri.

Nomau yana kallon bakinsa, ba idonsa ba.
Ya ce: Nawa?
Arzika ya sake faɗi.
Ya ce: Jikka nawa?

A nan na gane.
Shekara ashirin na oda da injin,
daga Wadata zuwa Harobanda,
sun cinye masa kunnen hagu, suna lasar na dama.

Arzika ya ɗaga yatsa ɗaya, mai tabon.
Ya kama baful na biyu
ya mayar masa a kujerar baya, ya ɗaura masa bel.
Nomau ya yi dariya, bai so ba.

Mun bar wa akwatin wurin shan iska,
don zafin Yamai ba ya buƙatar taimako.
Mun duba ko wani gashin waya ya leƙa gidan maƙwabci.
Maɓallin ƙarfi can ƙasa.
Baƙar waya ta koma kan batir, ita ce ta ƙarshe.
Ƴar fitila ta yi kore.

Kaɗan, in ji Arzika. Ƙara kaɗan. Tsaya.

Ganga ce, ban san ta wa ba.
Ba ta kai ta tada akuyar da ke ƙarƙashin tebur ba.
Nomau ya zagaya baya,
ya shimfiɗa tafinsa a kan murfin kofur,
ya rufe ido.

Mai shayi ya kira shi sau biyu.
Arzika yana neman zobensa a cikin kwanon kusoshi.